Injin ban ruwa ya rage ƙarfi a bazara: shin sayen babba ne magani?

Daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da albasa ke ƙosawa a fadamun Galmi, Gidan Idder, Tsarnawa da kwarin Badagishiri, kuka guda ne ya fi yawa a bakin masu garake: inji ya daina ja. Injin da ke cika fangali cikin ƴan mintoci a watan Disamba, yanzu sai ya yi ta ruri, ruwa kuwa rabin tiyo. Shawarar da aka fi ba mai garka a irin wannan hali ita ce ya sayar da ƙaramin, ya cika kuɗi ya sayo babba. Akwai waɗanda suka bi shawarar suka dace. Akwai kuma waɗanda suka zuba jakunkunan kuɗi, ruwan bai ƙaru ba, kuɗin esansi ne kawai ya ƙaru. Abin da ya raba su lissafi ne wanda ba ya buƙatar zuwa lakkwal mai zurfi, kuma daga iska yake farawa.

Inji ya fi shan iska a kan mai

Kowa ya san inji yana shan mai, tun da shi ake saye. Iska kyauta ce, shi ya sa ba a lissafa ta. Amma kafin kilo guda na esansi ya ƙone sarai, sai ya haɗu da iska mai nauyin kilo 14.7. A wata ƙidayar, lita ɗaya ta esansi na buƙatar iska wajen lita 9,000. Abin da wutar ke ci a cikin iskar shi ne oksijin, wanda yake kashi 21 cikin 100 nata.

Tukunyar inji, inda piston ke hawa da sauka, girmanta ba ya canzawa. Injin Honda GX160 da ire-irensa na ƙasar Sin da suka cika kasuwanni, tukunyarsu santimita kubik 163 ce, ta GX200 kuma 196. Duk zuƙa ɗaya, mudu guda take aunawa, ko a Ƙonni ko a Kwatano. Abin da ke canzawa shi ne nauyin abin da ya shiga mudun. Idan iskar mai kauri ce, oksijin ya yi yawa, mai ya ƙone da yawa, piston ya samu bugu mai ƙarfi. Idan ta yi shara-shara, mudun ya cika amma abin cikinsa ba nauyi. Ko an ƙara mai a lokacin, ba iskar da za ta ƙone shi, sai dai ya fito baƙin hayaƙi ta salansa.

Abu biyu ke sa iska ta yi shara-shara: tudu da zafi. Ƙa'idar da masu ƙera injuna ke aiki da ita ita ce injin da ba ya da turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 100 da aka hau sama da matakin teku. Ta fannin zafi kuma, ana gwada injuna ne a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka, kuma duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 yana cinye wani kashi 1 cikin 100. Lambar da aka rubuta a jikin inji, doki 5.5 ko doki 6.5, a can aka samo ta: iska mai sanyi, matakin teku, inji sabo, yana juyawa wajen sau 3,600 a minti.

Inda tudu ke cin ƙarfin inji da gaske

Mutanen da suka fi kowa surutu kan wannan batu ba manoma ba ne. A Amurka akwai wani wasa da masu hali ke yi a tabkuna: ƙaramin jirgin ruwa mai babban inji yana gudu, mutum yana biye da shi tsaye kan allo, riƙe da igiya, yana tsalle a kan igiyar ruwan da jirgin ya tayar. Don igiyar ruwan ta yi girma, da gangan suke cika wasu tankuna na cikin jirgin da ruwa mai nauyin tan ɗaya ko fiye. Jirgin da ke tashi cikin sauƙi a bakin teku, idan aka kai shi tabkin Tahoe da ke kan tsaunuka a tsawon mita 1,897, sai ya kasa ɗaga kai daga ruwa. Injin mai doki 400 ya koma kamar mai doki 320, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi ba tare da komi ya lalace ba. A tabkin Titikaka, tsakanin Peru da Bolibiya, mai tsawon mita 3,812, hasarar ta wuce kashi ɗaya cikin uku.

Abin koyi a wurinsu shi ne matakin farko da masu sanin aiki ke ɗauka. Kafin a yi zancen sabon inji, farfela ake canzawa. Ana sa wadda ba ta cizon ruwa da yawa a kowane juyi, kamar direban kamiyo da ke komawa giya ta biyu idan ya iso hawa. Gudun jirgin ya ɗan ragu, amma injin ya samu damar kai juyin da aka ƙera shi da shi, ya ɗaga kayan. Farfela kuɗinta ƙalilan ne idan aka gwada da inji. Sai idan wannan bai isa ba ake neman inji mai tukunya babba, ko mai na'urar da ke dannan iska cikin tukunya da ƙarfi. Masu kwalekwalen inji a kogin Kwara, tsakanin Gaya da Malanbil, ba su da matsalar tudu, amma ƙa'idar farfela ta shafe su: kwalekwalen da ke ɗaukar buhuna da mutane, farfelarsa daban take da ta mai neman gudu.

Na'urar dannan iskar nan ita ce turbo, wadda wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista a 1905. Hayaƙin da ke fita ne ke juya wata fanka, ita kuma ta tura ƙarin iska cikin inji. Shi ya sa manyan kamiyoyin zamani, irin masu ɗaukar siminti daga Malbaza zuwa Tawa da Agadas, ba su cika jin tudu kamar tsofaffin motoci ba. Ƙananan injunan garka ba su da turbo, kuma ba wanda zai sa musu.

A Nijar ma akwai wurin da wannan lissafi ke da nauyi. Tsaunin Bagzan a cikin Ayar, wanda ƙololuwarsa Idukal-n-Tages ta kai mita 2,022 kuma ita ce wuri mafi tsawo a ƙasar, yana da ƙauyuka da garake a sama da mita 1,500. Injin da aka hau da shi can yana rasa wajen kashi 15 cikin 100, mai doki 6.5 ya koma kamar mai doki 5.5. A irin wannan wuri ne ake rage ramin da mai ke bi a cikin karbirato don ya daidaita da ƙarancin iska. Wanda ya yi haka kuma, idan ya sauko da injin ƙasa, dole ya mayar da tsohon ramin, in ba haka ba mai zai yi kaɗan, inji ya yi zafi ya ƙone.

To, nawa ne hasarar a Ƙonni?

Birnin Ƙonni na kan tsawon mita 270 ko kusa da haka. Tawa ba ta kai mita 400 ba, Agadas kuma wajen 500. Don haka tudu yana karɓar kusan kashi 3 cikin 100 daga injin mai garka a Ƙonni, Malbaza ko Illela, kuma wannan haraji ne na duk shekara, da sanyi da zafi. Bazara ke ƙara nata. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki yana wuce digiri 40. Idan aka ɗauki digiri 43, tazarar da ke tsakaninsa da 25 digiri 18 ce, wato wani kashi 3 cikin 100. Jimla kashi 6. Inji mai doki 6.5 ya koma mai doki 6 da ɗan ɗori.

Wannan hasara ce ta gaske, amma ba ita ke raba ruwan tiyo biyu ba. Duk makanikin da ya ce wa mai garka zafi ne kaɗai ya sa ruwansa ya koma rabi, bai gama bincike ba. Abin da zafi da tudu suka ɗauka ƙarami ne. Manyan ɓarayin suna wani wuri.

Na farko ƙura ce. Bayan watanni uku na hunturu, soson da ke tace iska ya toshe, inji yana zuƙa kamar mai mura. Alamarsa baƙin hayaƙi, buji mai baƙin toka, da shan mai fiye da da. Wasu masu garake idan suka ga haka sai su cire soson gaba ɗaya, inji ya farfaɗo nan take, su yi murna. Murnar ba ta daɗewa. Ƙurar Adar yashi ce mai laushi, tana shiga tukunya ta goge zobban piston kamar takardar gurza katako. Idan zobban suka cinye, matsin da ke cikin tukunya ya zube, inji ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Daga nan sai gyara mai tsada. Wanke soso da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai, a ɗiga masa ɗan baƙin mai a matse, aikin minti goma ne.

Man da ake zubawa ma yana da nasa. Ƙonni gari ne na kan iyaka, kilomita kaɗan daga Illela ta Najeriya, kuma shekaru da yawa man ƴan ruwa-ruwa ne ke tafiyar da injunan yankin saboda arha. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin ya canza, amma kwalaben bakin hanya ba su ɓace ba. Man da ya kwana a buɗaɗɗen jarka yana kwasar ƙura da ruwa, ramin karbirato kuwa bai fi kaurin allura ba. Tsumma mai tsabta a bakin mazurari yana rage wahala.

Iyakar da ba inji mai ƙetare ta

Babban dalilin raguwar ruwa a bazara yana cikin rijiya. Ruwan ƙasa a kwarin Maggiya da sauran fadamu yana cika da damina, sannan ya yi ta sauka wata bayan wata yayin da ɗaruruwan injuna ke ja daga gare shi lokaci guda. Rijiyar da ruwanta ke mita 4 a Disamba tana iya kai mita 6 ko 7 a ƙarshen Maris. A nan ne wata ƙa'ida ke shigowa wadda yawancin masu sayen babban inji ba su sani ba.

Famfon da ke zaune a bakin rijiya ba ya jawo ruwa da ƙarfin kansa. Abin da yake yi shi ne kwashe iskar da ke cikin tiyo. Iskar sararin sama, wadda ke danne fuskar ruwan rijiya da nauyinta, ita ke tura ruwan ya hau tiyon da ya zama fanko. Nauyin nan yana da iyaka. A bakin teku yana iya ɗaga ruwa mita 10.33, ba ƙari. A Ƙonni wajen mita 10 ne, a Bagzan bai kai 9 ba. Wannan ma a takarda ne. A aikace, da gogar ruwa a jikin tiyo da ɗumin ruwan kansa, famfo mai lafiya yana tsayawa a mita 7 zuwa 8, kuma lambar da kamfanoni ke rubutawa ke nan a takardar famfon. Tun kafin a kai iyakar, ruwan ke raguwa: famfo mai inci 3 da aka rubuta yana ba da lita 1,000 a minti, a kan ruwan da ke dab da shi aka auna, kuma kowace mita ta zurfi tana zaftare wani abu.

Tsohon sani ne. Masu haƙar rijiya a birnin Fulorans na Italiya sun lura da wannan iyaka tun ƙarni na 17, kuma Torricelli, almajirin Galileo, ya bayyana dalilinta a 1643. Bayan shekara biyar, a 1648, Blaise Pascal ya sa surukinsa ya hau tsaunin Puy de Dôme a Faransa da ma'auni, aka tabbatar nauyin iska yana raguwa idan an hau sama. Ƴan makaranta na haddace labarin don jarrabawa, alhali a bakin rijiyar mahaifinsu yake aiki kullum.

Ma'anar wannan ga aljihun mai garka a fili take. Idan ruwa ya sauka mita 8, inji mai doki 13 da mai doki 5 duk ɗaya suke, ba wanda zai hawo da shi. Idan yana mita 6 zuwa 7, babban inji zai ɗan taimaka, amma ba daidai da kuɗinsa ba. Kuma a wannan zurfin, ƙaramar kafa a jikin tiyon zuƙa, ko ɗaurin robar da ya saki, ko marfin bakin tiyo da yashi ya hana rufewa, ya isa ya sa famfo ya riƙa zuƙar iska a madadin ruwa. Wanda ya ga ruwa na fitowa da kumfa yana yankewa, tiyo ya kamata ya fara dubawa tun kafin ya ɗauki inji zuwa garaji.

Manoman yankin sun daɗe da gano mafita da kansu: a haƙa rami a gefen rijiya ko foraj, a sauke injin mita 2 ko 3 ya matso kusa da ruwa. Dabarar daidai take da ilimi, don famfo ya fi iya tura ruwa sama a kan zuƙo shi. Amma tana da haɗari da ya kamata kowane mai garka ya gaya wa yaransa. Hayaƙin esansi yana ɗauke da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma a rami mai ƙunci tana taruwa. Wanda ya sauka yana jin ciwon kai da jiri, ƙafafu su mutu kafin ya iya hawowa, kuma mai sauka ceto yakan faɗa cikin abin da na farko ya faɗa. Ramin ya zama mai faɗin baki, a sa wa salansa bututun ƙarfe ya fitar da hayaƙi waje, kuma kada kowa ya zauna a ciki inji na aiki. Inji ma yana amfana: idan yana sake zuƙar hayaƙinsa da zafinsa a cikin rami, ƙarfinsa na ƙara raguwa a kan kashi 6 ɗin can.

Ba shi wuta, da abin da yake jawowa

Wata dabarar da ake gani ita ce ɗaure sandar da ke daidaita gudun inji da waya ko roba don ya yi ta gudu a ƙarshen ƙarfinsa. Famfo da farfela dokarsu ɗaya: idan aka ƙara gudun juyi da kashi 10 cikin 100, ruwa ya ƙaru da kashi 10, amma ƙarfin da ake buƙata ya ƙaru da kashi 33. Mai yana tafiya da ƙarfi ne, ba da ruwa ba. Juya lissafin kuma yana da daɗi: wanda ya ɗan sassauta wuta ya ƙara minti kaɗan a kan aikinsa, yakan shayar da fangali ɗaya da mai ƙasa da na mai gaggawa. Tiyo mai faɗi, gajere, marar lanƙwasa, shi ma yana ƙara ruwa ba tare da an ƙara ko ɗigon mai ba.

Ga misalin kuɗi. Ƙaramin inji mai doki 5.5 yana shan wajen lita ɗaya da rabi a awa idan yana cikakken aiki, mai doki 9 kuma wajen lita biyu da rabi. Bambancin lita guda ne a awa. A watan Yulin 2024 an tsayar da farashin litar esansi a gidajen mai na Nijar a kan sefa 499. Mai garkar da ke ban ruwa awa 4 a rana, kwana 60 a kakar albasa, zai ƙara lita 240, kusan jaka 120, ban da kuɗin sayen injin. Buhu nawa na albasa ke nan a farashin lokacin girbi, sa'ad da kasuwar Galmi ta cika kuma farashi ya faɗi? Kowa ya san amsarsa.

Masu mayar da injinsu ya yi aiki da gas na kwalba, abin da ya yaɗu a garaken Nijar saboda arhar gas ɗin matatar Zinder, su ma su sa wannan a lissafi. Gas yana cin wuri a cikin tukunya, ya rage wa iska gurbi, don haka ƙarfi yana ɗan sauka ƙasa da na esansi. Ribar kuɗin mai takan rufe wannan, amma injin da dama yana kan iyakarsa zai nuna.

Akwai lokacin da babban inji ya dace. Idan ruwa na kusa kuma yana da yawa, kamar a bakin tabki ko babbar hanyar ruwa, amma gonar tana nesa ko tana kan tudu, ko ana tura ruwa cikin tanki a sama, to aikin turawa ne, kuma a nan ƙarin doki yana biya. Sharaɗin shi ne a sayi inji da famfon da aka ƙera tare. Ɗora babban inji a kan ƙaramin famfo ɓarnar mai ce kawai. A kuma tambayi rijiyar kanta: ƙaramin foraj na tiyon roba da aka haƙa da hannu yana da iyakar ruwan da yake tarawa a awa. Famfon da ya fi ƙarfinsa zai ƙafar da shi cikin mintoci, ya fara jawo yashi, yashin kuma ya cinye fankar cikin famfo. Manoman da ke cikin gandun noman rani na Ƙonni, mai eka ta hekta 2,452 da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, nasu lissafin daban ne tun da ruwan da kansa yake gangarowa ta hanyoyin siminti. Zancen nan na masu garaken da ke wajen gandun ne, waɗanda rijiya ce madatsarsu.

Inda ruwa ya wuce mita 8 kuma ramin gefe bai isa ba, abin da ya rage shi ne famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, mai aiki da lantarki. Shi daga ƙasa yake turowa, don haka iyakar mita 10 ba ta shafe shi ba, kuma ba ya ƙona iska balle ya ji tudu. Yawanci da allunan hasken rana ake haɗa shi, kuma mutanen Malbaza sun saba ganin irinsu tun da aka buɗe tashar lantarki mai megawat 7 a garin a watan Nuwamban 2018. Sai dai zafi bai ƙyale su ba su ma. Allon hasken rana yana rasa wajen kashi 0.4 cikin 100 a duk digiri ɗaya da jikinsa ya wuce 25, kuma da tsakar ranar Afrilu jikin allo yana kai digiri 60 ko fiye, wato hasarar kusan kashi 15. Mai saye ya nemi a ƙara masa allo a kan abin da lissafin takarda ya bayar, a ɗaga su sama da ƙasa yadda iska za ta riƙa ratsa bayansu, a kuma goge ƙurar da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.